Motata na ƙiiii duk safiya, an canza bel sau biyu, ko dai ƙanin mijina ke cin kuɗin?

Assalamu alaikum Kawu, ya sanyi ya iyali. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni malamar makaranta ce a nan cikin Katsina, ina da Corolla 'yar 2005 da na saya da kuɗin adashi da ɗan bashin da har yanzu ban gama biya ba. Yau wata 3 kenan duk safiya in na tada ta sai ta kwarma wani ƙiiii mai tsawo, har yaran maƙwabta sun fara kwaikwayonta in sun ga na fito. Maigidana a Kaduna yake aiki, ƙaninshi ke kai mani ita gareji, sau biyu ana canza fanbel ina ba da kuɗi, sai tayi shiru kamar sati biyu ta dawo. Yanzu kuma ga wani siririn kuka in ina cikin tafiya, da na taka birki sai ya ɗauke, yace wai ƙura ce in rabu da ita. Wallahi Kawu zuciyata ta fara raya mani ko ba ya canza komai kuɗin kawai yake ci, kuma ina tsoron faɗa ma yayanshi abin ya zama rigima. Gashi nan da sati biyu muna da biki a Daura, ni zan ɗauki su Mama. Mi zan yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata, sanyi alhamdulillahi, Allah ya sanya alheri a bikin ya kai ku lafiya. Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma kafin mu zo kan maganar yaron nan bari in fara nuna maki abin da ke da kanki kika faɗa amma ba ki lura ba. Motarki ba kuka ɗaya take ba, kuka biyu ne, kuma ba su haɗa uwa ba balle uba. Na safe daga cikin bonet yake fitowa, na cikin tafiya daga wajen taya ne. Wanda ke ba ki kunya gaban yaran unguwa shi ne mai ƙarar, amma wanda ya hana ni sakewa tun da na karanta shi ne siririn nan da aka ce maki ƙura ce.

Ni shekarun da nayi ina jan mota da waɗanda nayi ina zaman gareji, abu ɗaya na koya game da kukan mota, bakaniken ƙwarai ba ya fara tambayar yaya kukan yake, tambayarshi ta farko ita ce yaushe take yin shi. Da sanyin safiya ko bayan tayi zafi, tana tsaye ko tana gudu, in an taka birki ko in an saki, a kwana ko a miƙe. Amsar nan ita ce rabin gyaran, kuma ke ce mai ita tunda ke ke zama cikin motar kullum, bakanike minti 10 kawai yake ganinta.

Mu fara da na safen. A irin motarki bel guda ɗaya ne tal ya zagaye gefen injin, ya taso daga babban fulin da ke ƙasa, wato zagayayyen ƙarfen da bel ke hawa kai, ya bi ta altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, da kwamfiresan esi, da wata-famfo mai zagaya ruwa cikin injin da lagireto. Duk waɗannan a wuyanshi suke. Toh lokacin da kika murɗa makulli, sitata ta zuƙi wuta mai yawa daga batir, injin na tashi altaneta zata dage ta mayar da abin da aka ɗiba, sai tayi nauyi wajen juyawa, ga robar bel ɗin ta kwana cikin sanyin hunturun nan namu ta sandare. In riƙon bel ɗin ba shi da ƙarfi sai ya riƙa zamewa bisa fulin maimakon ya ja shi, wannan zamewar ita ce ƙiiii ɗin da yara ke kwaikwayo. Shi ya sa bayan ɗan lokaci roba ta ɗumama, batir ya ɗan samu, sai tayi shiru kamar ba ita ba, kuma shi ya sa in an kai ta gareji da rana sai ta ƙi yi, kamar yaron da ya kwana kukan ciwon ciki ana isa gaban likita ya ware yana wasa.

Akwai gwajin da zaki yi gobe da safe ba tare da kin ko buɗe bonet ba. Kashe rediyo, kashe esi da fitilu, sauke gilas, ki aje wayarki tana naɗar murya sannan ki tada. Ki ƙirga kamar daƙiƙa nawa take kafin tayi shiru. In tayi shiru sai ki kunna esi ki saurara, ki kunna manyan fitilu ki saurara, sannan ki juya sitiyari a hankali har ƙurewa ki sake shi nan da nan, kar ki riƙe shi a ƙure don famfon yake wahalarwa. In kukan na dawowa duk sanda kika ƙara mashi ɗaya daga cikin kayan nan, toh magana ta ƙare, bel ne ke zamewa. Naɗin muryar nan ki adana shi, ya fi duk wani bayanin da zaki yi ma bakanike da baki.

Yanzu ga tambayarki ta gaske, an canza sau biyu mi ya sa yake dawowa. A nan ne nake ganin kamar kin ɗan yi gaggawar zargin yaron, kuma hujjata daga cikin wasiƙarki na ɗauko ta. Kin ce tana yin shiru kamar sati biyu. Dabarun da 'yan cuwa-cuwa ke yi na rufe bakin bel, a goga mashi sabulu ko kyandir, wani ma baƙin mai ko man birki yake ɗiga mashi, mafi yawa kwana ɗaya ne ko biyu kukan ya dawo, wani lokacin tun kafin ka isa gida. Shirun sati biyu ya fi kama da an sa sabon bel da gaske, ya riƙe da ƙarfin sabuntarshi, sannan abin da ya kashe na farko ya zo ya kashe shi shi ma. Ruwa ba ya tsami banza ɗiyata, bel ɗin kirki yakan yi wajen kilomita dubu 100 kafin ya gaji, ko mu ce zafinmu da ƙurarmu sun rage mashi kwana, ai dai ba sati biyu ba.

Wanda na fi zargi shi ne abin da 'yan gareji ke ce ma ajasta, wasu su ce tenshina. Wani hannu ne mai ɗan fuli a bakinshi, shi ke danne bel ɗin ya hana shi saki, kuma a motarki da kanshi yake aikin, ba irin tsofaffin motocinmu ba ne da ake kwance noti a ja altaneta baya da ƙarfe a ɗaure. Saboda haka duk wanda yace maki ya ɗaure maki bel a wannan motar ki tambaye shi ina ya ɗaure. Mota 'yar 2005 in ba a taɓa canza mata ajasta ba ai ya ci a ce ya gaji, in ya gaji kuwa ko bel ɗin zinari aka sa zamewa zai yi. Ana gane shi in injin na silo, wato yana aiki mota na tsaye, a ga hannun na ta rawa yana kaɗawa, ko a ga ya jiƙe da mai a jikinshi, ko in bakanike ya sa sifana ya danna shi ya ji ya tafi lagwai-lagwai ba tauri.

Bayan shi sai yoyo. In baƙin mai na tsatsa daga murfin saman injin ko daga wani sil, wato robar da ke tare mai, a wannan gefen, ko man sitiyari na ɗiga, ko ruwa na fita daga wata-famfo, duk kan bel ɗin suke sauka, roba kuwa ba ta shiri da mai, santsi zata yi sannan ta kumbura ta lalace. Wannan ma kina iya gani da idonki, da safe kafin a tada mota ki buɗe bonet ki haska fitilar waya a gefen da bel ɗin yake, in kin ga wurin yayi dumu-dumu da baƙin maiƙo ƙura ta manne, ko kin ga ɗigo a ƙasa inda ta kwana, kin samu mai laifi. Sannan akwai fuli da ya karkace ko boris ɗinshi, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu, ya ci, shi kukanshi ya ɗan bambanta, ba ƙiiii mai tsawo ba, cuwi-cuwi-cuwi ne kamar gyare ya shiga ɗaki, yana bin juyawar injin, in an taka totur ya ƙara sauri. Sai kuma bel ɗin kanshi in na araha aka sawo, kasuwar nan cike take da jabu masu kwali mai kyau, araha kuwa ba ta ado. Kinga a nan yana iya yiwuwa yaron ya sayi mai sauƙi ya riƙe canji, ban ce bai yi ba, ban kuma ce yayi ba, yana kuma iya yiwuwa shi ma cutarshi aka yi a shago.

Tunda kin buɗe bonet ɗin ki duba bayan bel ɗin, sabon bel rubutun jikinshi na nan raɗau, sunan kamfani da lamba, na motarki zaki ga ta fara da 6PK, ma'ana layi 6 ne a cikinshi, lambar da ke biye kuma tsawonshi ne a milimita. Bel ɗin da ya shekara yana aiki rubutun ya goge bayan yayi ƙyalli kamar an shafa mashi man gyaɗa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maki an canza ko ba a canza ba, ba sai kin tambayi kowa ba. Amma dan Allah injin a kashe, makulli a hannunki. Kar ki kuskura ki leƙa injin da ke aiki da hijabi ko mayafi na reto, bel ɗin nan in ya kama ƙyalle ba ya saki, fankar lagireto ma ta wuta ce tana tashi da kanta ba sallama.

Sauran gwajin na bakanike ne, ke dai ki tsaya gefe ki ga anyi. Na farko a fesa ɗan ruwa a cikin bel ɗin wajen layukan lokacin da yake kukan. In kukan ya ƙaru, saki ne, a koma kan ajasta. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, wani fuli ne ba ya kan layi ɗaya da 'yan uwanshi. In ko gezau bai yi ba, a nemi boris. Na biyu a cire bel ɗin gaba ɗaya, a bi fulin nan ɗaya bayan ɗaya ana juya su da hannu, mai lafiya sumul yake juyawa shiru, wanda ya mutu zaki ji shi ƙarar-ƙarar kamar da yashi a ciki ko kiga yana girgiɗi. Aikin minti 20 ne, kuma da an yi shi tun karon farko da ba ki sayi bel na biyu ba. Mafi kyau ma motar ta kwana a garejin ko bakaniken ya zo gida da sassafe ya ji da kunnenshi.

Kar ki ga kamar ina tsananta ma bel, na sha a jikina ne. A 1998 ina jan wata 504 doguwa tsakanin Katsina da Daura, ta fi wata biyu tana mani irin kukan nan, ni kuma ina da guntun sabulu a ƙarƙashin kujera, duk safiya a tasha in goga mata tayi shiru in loda fasinja, har ina yi ma abokan aiki dariya wai su kuɗi suke kashewa. Ranar da zata kama ni mun wuce Mashi kenan rana ta yi ja, naji wani fat a gaba, jar fitilar batir ta kawo. Maimakon in tsaya sai nace bari in lallaɓa ai mun kusa, ban san wata-famfo ta daina juyawa ba tun lokacin, ban ankara ba sai tururi ta ko'ina da warin ƙauri. Gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, fasinja suka watse suna Allah ya isa, wata tsohuwa da buhun geronta ita kaɗai ta zauna da ni bakin hanya har bayan isha'i tana ta mani faɗa kamar ita ta haife ni. Kuɗin bel ɗin da na ƙi saya bai kai kuɗin janwen da ya jawo ni ba, balle gyaran. Motarki ita ma bel ɗin ke juya wata-famfo, abin da ya same ni shi zai same ki.

Toh mu dawo kan siririn kukan, nan nake so ki buɗe kunne da kyau. Tayoyin gaba na motarki birkin faranti ne, wato diski, da fad guda biyu da ke matse shi ciki da waje. Masu yin fad ɗin da gangan suke maƙala wani ɗan siririn ƙarfe a gefenshi kamar harshe. Sabon fad kaurin namanshi yakan kai milimita 10 ko fiye, harshen nan ba ya taɓa komai, amma in ya cinye ya rage kamar milimita 2 zuwa 3 sai harshen ya fara gogar farantin yana wannan tsiiii ɗin. Ba lalacewa ba ce, ƙararrawa ce aka sa don ta dame ki. Kuma alamarshi da aka fi sani ita ce wadda kika faɗa da bakinki, yana yi ana cikin tafiya, in an taka birki sai ya ɗauke ko ya canza murya.

Maganar ƙura da yaron ya faɗa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don haka kar ki riƙe shi da ita, abin da kowa ke faɗa ne. Ƙurar hunturu na sa birki ɗan kuka, musamman na baya da yake diram ne a yawancin irin motarki, rufaffe ne ƙura na taruwa ciki. Da damina ma ko bayan an kai ta wanki farantin kan yi ɗan tsatsa ya yi ƙara da safe. Amma waɗannan in an taka birkin suke kuka, kuma taku uku huɗu sun wuce. Naki akasin haka yake. Abu ɗaya da ke iya kwaikwayonshi shi ne ɗan tsakuwa ya maƙale tsakanin farantin da siririn kwanon da ke bayanshi, ko kwanon ya lanƙwashe yana gogawa, wannan ba kuɗi ba ne, amma shi ma sai an cire taya za a sani. Kinga ko ta ina aka bi dai sai an ɗaga motar a jak.

Kafin ki je ki leƙa ɗan farin tankin man birki da ke can wajen gilas ta gefen direba, akwai layi biyu a jikinshi, na sama da na ƙasa. In fad na cinyewa man na sauka a hankali don yana bin fistin ɗin da ke tura fad ɗin, wanda ya ƙara fitowa. Mutane sai su yi ta ƙara mai suna murna, alhali saƙo ne yake ba su. In kuma kika ga ya sauka ƙasa da layin ƙasa, ko birkin na nutsewa in kin taka, wannan yoyo ne, kar motar ta ƙara fita ko nan da Kofar Kaura sai an duba.

A gareji ki ce a cire tayoyin gaba duka biyu, a ciro fad ɗin a miƙo maki a hannu, na ciki da na waje. Ki tafi da tsinken ashana a jaka, ki kara shi a gefen naman fad ɗin, in kaurinsu ya zo ɗaya ko ya ɗara kaɗan, ya gama aiki. Nace na ciki da na waje don sau da yawa na waje da ake hangowa ta jikin taya sai a ga da saura, na ciki kuwa ya cinye tas, in haka ta faru toh sandunan da kan birkin ke zamewa a kansu sun ƙame, sai an wanke su an sa masu giris, in ba haka ba sabon ma gefe ɗaya zai ci. Ana canza na dama da na hagu tare, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Kuma akwai wata muguwar ɗabi'a da wasu yaran gareji ke yi, su sa filaya su lanƙwashe harshen nan ko su karye shi, kuka ya ɗauke, mai mota ya biya yana godiya. In aka yi maki haka abin da zaki ji na gaba shi ne gurrr kamar ana wasa wuƙa a dutse, lokacin ƙarfe ke cin ƙarfe, farantin ya tafi, kuɗi ya ninka, birkin kuma ba tabbas. Bayan an sa sabo, kafin motar ta motsa a taka birki sau da yawa har yayi tauri, don takun farko fanko ne, na ga wanda ya shiga bangon gareji da ribas saboda mantuwar wannan.

Sauran koke-koken mota ba naki ba ne amma ki san su don kar a lafta maki. Ƙiƙi-ƙiƙi in an hau bam ko an shiga gargada, bushin ne ko boljoyin sun bushe. Kukan taya a kwana ko a shataletale alhali ba gudu ake ba, a fara duba iska wurin mai faci, sannan alaimen. Ƙugi wuuu da ke ƙaruwa da gudu yana canzawa in an karkata sitiyari, boris ɗin taya ne. Tsuwa daga cikin dashbod da ke tsayawa in an kashe fanka, fankar esi ce. Kuma in wani yace maki taimin bel ɗinki ne ke kuka a kawo kuɗi, ki ce mashi taimin ɗin wannan Corolla da ke cikin injin sarƙa ce ba bel ba, ki ga yadda fuskarshi zata yi.

Yanzu maganar gida. Ni dai shawarata kar ki kai ƙarar yaron nan wurin yayanshi, ba ki da hujja, kuma kamar yadda na nuna maki abin da ke hannunki ma ya fi karkata ga cewa bel ɗin an canza. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in bai zama ba, kuma kalmar ɓarawo in ta fita tsakanin matar wa da ƙanin miji ba ta komawa, sai ta kai kunnen uwarsu, ke kuma zaman shekaru ne gabanki da mutanen nan saboda kuɗin bel biyu. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne yaro ne da bai san mota ba, yana zuwa yace tana kuka, bakanike ya ga hanya mafi sauƙi ya bi.

Amma kuma ba nace ki ci gaba da miƙa makulli da kuɗi kina zaune gida zuciya na cin ki ba. Motarki ce, bashinta ke kike biya. Ki kira maigidan ki gaya mashi maganar mota zalla, kice birkin gaba na neman canji kuma kina so a duba ajasta kafin tafiyar Daura tunda su Mama zaki ɗauka, kina so ki je da kanki ki gani, wane ya raka ki. Ba namijin da zai ji an ambaci birki da tsofaffi yace a'a. Shi kuma yaron ki ce mashi zo ka raka ni gareji ka tsaya mani, ka fi ni sanin mutanen. Kin ba shi girmanshi, kin kuma je da idonki. In an rubuta kayan da za a saya ku je shagon tare ki biya da hannunki, a buɗe kwalin gabanki, kuma duk abin da aka cire a sa maki a leda ki taho da shi, wannan ki mayar da shi ƙa'ida ko wa ya kai motar, in kowa ya san haka kike ba wanda zai ji da shi ake. Sannan in ya ɓata yininshi a gareji saboda ke, ki ba shi na mai da na abinci a fili, yaron da aka sallama ba ya buƙatar ya ɓoye canji. In kuma kin duba bayan bel ɗin kin ga tsoho ne fes rubutu ya goge, toh ko a nan ma shi zaki fara samu ku biyu, ki nuna mashi kice bakaniken nan anya ya canza kuwa, ki bar mashi ƙofar fita, yadda zai amsa zai gaya maki sauran.

Game da tafiyar, ba a fafe gora ranar tafiya, cikin satin nan za a yi aikin ba jajibirin biki ba, don ki samu kwana 4 ko 5 kina zuwa makaranta da ita kina saurare, musamman da safe. In kuɗin bai isa duka ba birki ne farko, ba ciniki a wannan, bel da ajasta su biyo baya, in kuma har ranar ba a samu yin na biyun ba gara ku bi motar 'yan uwa ki bar taki a gida, ba abin kunya ba ne. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ba nisa, amma da tsofaffi a mota ko kilomita 5 a bakin hanya da yawa ne, ku fita da hantsi ku dawo kafin magariba. Bel ɗin da za a cire, in bai tsage ba, sai a jefa shi a but, yana fitar da mutum kunya. In kuma Allah ya kiyaye kina cikin tafiya kika ga jar fitilar batir ta kawo, sitiyari yayi nauyi lokaci ɗaya, toh bel ya tsinke, ki riƙe sitiyarin da hannu biyu ki gangara gefe ki kashe injin nan take, kar ki ce bari in lallaɓa irin nawa, kuma kar wani mai taimako ya buɗe murfin lagireto da zafinshi.

In kun dawo ki rubuto ki gaya mani mi aka samu, ni dai na sa kuɗina kan ajasta, in kuma yoyon mai ne ki faɗa mani daga ina yake fitowa don gyaran murfin sama daban na sil ɗin ƙasa daban, kar a caje ki na babba a yi maki ƙarami. A gaida su Mama.